Ƙarfen Taga: Awonsa, Kafinsa da Wanda Zai Biya

Tsohon ɗakin ƙasa a ƙauyukan ƙaramar hukumar Makoda ta jihar Kano ba shi da wata taga ta a zo a gani. 'Yar kafa ce can sama dab da rufi, wadda kan babba ba ya shiga, wani lokaci a gitta mata guntayen azara biyu ko uku. Sanyi na saukowa a cusa mata tsumma, zafi na kamawa a zare. Ɓarawo ba ya yi mata kallon hanya, yaro kuma hannunsa ba ya kai mata. Ginin bulo da kwano ne ya zo da babbar taga mai ƙafa huɗu, ya sauko da ita daidai ƙirjin mutum, ya kawo iska da haske, ya kuma kawo wani sabon kashe kuɗi da kakanni ba su san shi ba.

Wanda ya zaga Koguna, hedikwatar ƙaramar hukumar, ko Maitsidau, ko Wailare, ko Satame, zai ga yadda ginin bulo ke cin na ƙasa a hankali. Ƙidayar 2006 ta ba Makoda mutum sama da 220,000, a ƙasar da gona ke manne da gona, gida na jingine da gida. A cikin waɗannan gine-gine akwai kason da mazaunansu ba su suka zana su ba, ba su suka zaɓi tagoginsu ba: gidajen malaman makaranta, na ma'aikatan asibiti, ɗakunan haya na bakin titi, da gidajen da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta gina a wa'adinta na biyu, tsakanin 2011 da 2015, domin waɗanda ambaliya ta raba da muhallinsu a Makoda da Kunchi da Warawa. A birnin Kano ma haka abin yake a rukunan gidajen gwamnati irin su Kundila da Gwammaja da Ɗanladi Nasidi. Mutum ya karɓi mukulli, ya tarar da taga yadda ɗan kwangila ya bar ta. Daga nan duk gyaran da ya biyo baya, galibi daga aljihunsa zai fito.

Ayyuka uku ake nema a wurin ƙarfen taga, kuma na ukun ne aka fi mantawa. Ana so ya hana ɓarawo shiga. Ana so ya hana yaro faɗowa ko maƙalewa. Ana kuma so ya bar mutanen ɗaki su fita idan wuta ta tare ƙofa. Mai walda ya ƙware a na farko, domin shi ne abin da ake biyansa ya yi. Na biyu sai an tuna masa. Na uku kuwa, sau da yawa sai an yi gardama.

A fara da awo, tun da nan ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Ba a dogara da cewa taga "ƙafa huɗu-huɗu" ce, domin birkila ba injiniya ba ne, kuma filasta na cin wani abu. A sa tef a auna faɗi a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a auna tsawo a gefen dama da na hagu, sai a ɗauki mafi ƙanƙanta a cikinsu. A auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. Idan awon bai zo ɗaya ba, tagar ta karkace, kuma gara mai walda ya sani tun a gida da ya sani ranar da ya sauke ƙarfe daga kan babur. Kowace taga da takardarta. Tagogin gida ɗaya ba safai suke zuwa daidai da juna ba, ko da ido ya ce ɗaya suke.

Sai tazarar da ke tsakanin sanda da sanda. Ƙa'idar gini a Ingila ita ce kada a bar gurbin da ƙwallo mai faɗin santimita 10 zai ratsa, kuma wannan awo ne ake bi wajen na'urorin da ke taƙaita buɗuwar taga a asibitoci da gidajen kula da marasa ƙarfi na can. Birnin New York na Amurka ya tsaya a inci huɗu da rabi, wato santimita 11 da 'yan kai. Dalilin a jikin yaro yake. Ƙaramin yaro kansa ya fi ƙirjinsa da ƙugunsa kauri, saboda haka yakan zura ƙafafu, jiki ya bi, kai ya tsaya. A gidan sama wannan rataya ce. A ɗakin ƙasa ma, idan ƙafarsa ba ta taɓa komai a waje, abin da ke biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Shi ya sa tazarar "tafin hannu da ɗan ƙari" da wasu masu walda ke yi don rage ƙarfe ta fi babu ƙarfen haɗari ga ɗan shekara biyu.

Ba sai da tef ake gane wannan ba. Katin zaɓe da katin cirar kuɗi na banki tsawonsu ɗaya, santimita 8 da rabi. A kwantar da katin tsakanin sanduna biyu. Idan ya shiga ya bar abin da bai wuce kaurin ɗan yatsa ba, tazarar ta yi. Idan ya bar yatsu biyu ko uku, ta yi yawa. Uwargida za ta iya wannan gwaji a ɗakinta yau ba tare da ta kira kowa ba.

Akan ji mai walda ya ce, "Alhaji, idan na matse haka ƙarfe zai ƙaru." Gaskiya ya faɗa, amma a zauna a yi lissafin nawa zai ƙaru. Rodi ana sayar da shi ne a tsawon mita 12. A ɗauki taga mai santimita 120 tsawo da faɗi, a yi mata sanduna a tsaye da rodi mai kaurin milimita 12. Idan tazara santimita 15 ce, sanda bakwai za ta ci, wato mita 8 da santimita 40. Idan aka matse zuwa santimita 10, sanda goma za ta ci, mita 12 cif, rodi ɗaya ke nan. Bambancin sanda uku ne, mita 3 da santimita 60, bai kai kashi ɗaya cikin uku na rodi guda ba. A kan wannan guntun ƙarfe ake cinikin lafiyar yaro a bakin shago, kuma yawancin masu yin cinikin ba su taɓa lissafa shi ba.

Sandunan su tsaya a tsaye. Waɗanda aka kwantar sun zama tsani, yaro zai taka ya hau har sama. Gicciye biyu sun isa su riƙe sandunan kada a tale su, ɗaya a kashi ɗaya cikin uku na tsawon, ɗaya a kashi biyu. Kwalliyar nan ta lanƙwashe-lanƙwashe da furanni da taurari tana da kyau a ido, amma kowace lanƙwasa matakala ce, kuma a tsakaninta ake samun gurbi mai faɗi a sama, matsattse a ƙasa, irin wanda wuya ke zamewa ya maƙale a ciki. Wanda ke son ado ya sa shi a can sama, ya bar rabin ƙasa sanduna zalla. Gado da kujera da buhun hatsi kuma a janye su daga gindin taga, musamman a bene.

Maganar bene ba ta da yawa a Makoda, amma tana nan. Azuzuwan firamare masu hawa ɗaya da aka gina a faɗin jihar a wancan wa'adi na Kwankwaso sun kai yaran ƙauye saman bene, ga shagunan bakin titi da ake ɗora wa ɗakunan haya. A irin waɗannan wurare ba lallai sai an rufe taga da ƙarfe gaba ɗaya ba. Taga mai zamewa ta alminiyam, a ɗaura mata ɗan guntun ƙarfe da sukuru a kan layin da take bi, yadda ba za ta wuce santimita 10 ba. Mai buɗewa waje kuma a sa mata gajeriyar sarƙa mai ƙwari, ɗaya gefen a jikin firam, ɗaya a jikin marfin, a ɗaure da sukuru dogaye ba ƙusa ba. Aikin minti kaɗan ne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ragar sauro dai kada wanda ya ɗauke ta kariya. Sauro take tarewa, yaro yana jingina da ita za ta fita da shi.

New York ta nuna abin da ƙaramin aiki irin wannan ke iya yi. A 1972 ma'aikatar lafiya ta birnin ta fara wani gangami a unguwannin talakawa masu dogayen benaye, tana bi gida-gida tana wayar da kai, tana raba ƙarfen taga kyauta. A unguwar Bronx, rahoton faɗowar yara ya ragu da rabi tsakanin 1973 da 1975. A 1976 aka mayar da abin doka: a gini mai sassan haya uku ko fiye, mai gida ne zai sa ƙarfen a duk sashen da ke da yaro ɗan shekara 10 zuwa ƙasa. A gidajen da hukuma ke ƙayyade hayarsu, abin da mai gida zai iya karɓa daga ɗan haya bai wuce dala 10 kan kowace taga ba. Akwai kuma wani sharaɗi a dokar da ya fi shafar Makoda fiye da duk sauran: tagar da ke kaiwa ga matakalar gudun gobara, ba a toshe ta.

Domin a ƙasar da yawancin gidaje ba su da bene, wuta ce babbar barazana. Kaka na wucewa, karan gero da na dawa da harawar wake da ta gyaɗa suna jibge a tsakar gida, a kan katanga, a saman rumfa. Hunturu na shigowa da busasshiyar iska. A cikin ɗaki akwai kaskon gawayi don ɗumama jiki, akwai igiyar sauro kusa da katifa, akwai kyandir, akwai galan ɗin fetur na babur ko na injin ban ruwa da aka ɓoye a bayan ƙofa don gudun ɓarayi. Bayan ƙofa, wato daidai hanyar fita ɗaya tilo. Idan wuta ta tashi a nan, mutanen ɗaki taga za su nufa, su tarar da rodin da suka biya kuɗi aka kafa musu. Maƙwabta za su zo da gatari da taɓarya, amma rodi mai milimita 12 da aka dasa a siminti ba ya fita da gaggawa, hayaƙi kuwa ba ya jira. Motar kashe gobara, kafin ta baro inda take ta iso ƙauye, abin da zai faru ya faru.

Kano ba ta manta da Jogana ba. A watan Nuwamba na 2015 gobara ta tashi da dare a ɗakin kwanan makarantar sakandaren 'yan mata ta garin, ɗalibai 7 suka rasu, wasu da dama suka jikkata a turmutsutsun neman ƙofa. A Ƙaura Namoda ta jihar Zamfara, a Fabrairun 2025, almajirai 17 ne wuta ta cinye a makarantarsu. A ƙasar Kenya, gobarar makarantar Kyanguli ta Maris 2001 ta kashe ɗalibai 67. Ƙofa ɗaya a kulle take, tagogi kuma duk da ƙarfe. Bayan shekaru, ƙa'idojin tsaron makarantu da Kenya ta fitar a 2008 suka hana sa ƙarfe a tagogin ɗakunan kwanan ɗalibai, suka ce ƙofofi su riƙa buɗewa waje. A nan gida ba za a ce wa magidanci ya cire ƙarfen tagarsa ba, alhali ya san abin da ke yawo da dare. Abin da za a ce masa shi ne ya yi wa ƙarfen ƙofa.

Duk ɗakin da ake kwana a ciki yana buƙatar taga ɗaya, aƙalla, wadda ƙarfenta ke buɗewa daga ciki. A zaɓi wadda ta fi nisa da ƙofar ɗakin, kuma idan da hali wadda ke kallon tsakar gida, ba lungu ba, domin ta nan ɓarawo bai cika zuwa ba. Awon da Ingila ta ajiye wa tagar tsira shi ne kada faɗi ko tsawo ya gaza santimita 45, kada girman gurbin ya gaza kashi ɗaya cikin uku na murabba'in mita, kada kuma bakinsa na ƙasa ya wuce santimita 110 daga daɓe. A sauƙaƙe, a ce wa mai walda ƙafa biyu-biyu, santimita 60 kowane gefe. A tuna cewa mai ciki za ta bi ta nan, tsohuwa za ta bi, uwa za ta miƙa jariri ta nan.

Yadda ake yinta ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Cikin babban firam ɗin ake haɗa ƙaramin firam mai nasa sandunan, da tazara iri ɗaya da sauran, a rataya shi da hinji biyu masu kauri. Hinjin su kasance ta ciki, ko kuma a toshe kan sandarsu da walda yadda ba za a buge ta a zare daga waje ba. Ta wane gefe za ta buɗe, marfin tagar ne ke yanke wannan: idan marfin gilashi ko na ƙarfe yana buɗewa waje, ƙofar ƙarfen ta buɗe ciki, kada su yi karo. A tabbatar ragar sauro ba ta tare ba. Gara a ɗaura ragar a jikin ƙaramar ƙofar su riƙa buɗewa tare.

Wurin kullewa shi ne inda hikimar take. Sakata ta fi kwaɗo, domin ba ta da mukullin da zai ɓata. Amma sakatar da hannu zai iya laluba daga waje ba ta da amfani. Saboda haka ake walda faranti na ƙarfe a kewayenta, mai faɗin da yatsu ba za su zagayo shi ba, ko a yi mata ɗan akwati mai baki ta ciki kaɗai. Wasu kan ja doguwar sanda daga sakatar zuwa can ƙasa ko gefe a jikin bango, nesa da inda hannun na waje zai kai, a ja daga can ƙofa ta saki. A bene, inda ake tsoron yaro ya buɗe, a ɗaga sakatar sama yadda sai babba zai kai. Idan kuma dole sai kwaɗo, to mukullinsa ya zauna a ƙusa guda a cikin ɗakin, kamar taku ɗaya daga tagar, ƙasa-ƙasa, domin hayaƙi sama yake fara cikawa. Kowa a ɗakin ya san wurin, ya iya lalubo shi a duhu. Kada ya shiga zoben mukullan maigida. Maigida yana kasuwar Dambatta ran Lahadi, ko yana gona, ko ya tafi ci-rani, waɗanda ke cikin gida dare da rana mata ne da yara, kuma saboda su aka yi ƙofar.

A nan ne za a ji mai walda ya ce, "Maigida, ai wannan rage ƙarfi ne, ɓarawo nan zai fara taɓawa." Ƙofar da aka yi da kyau ba ta fi sauran rauni sosai ba. Raunin ƙarfen taga na gaskiya yana wurin da ya haɗu da bango, kuma wannan aikin birkila ne.

Kowane gefe na firam yana son kunnuwa biyu ko uku, guntayen ƙarfe masu tsawon kamar tafin hannu, a lanƙwasa bakinsu ko a tsaga shi don siminti ya kama. Bulon da ake gini da shi, na inci 6 ko na inci 9, cikinsa rami ne. Idan birkila ya huda ya zura kunne a cikin ramin ya shafe baki da filasta, ido zai ga aiki ya yi kyau, amma ƙarfen a iska yake rataye, sanda ɗaya mai ƙwari za ta ɓanɓaro shi. Dole a cika ramin da kwaɓin siminti da yashi da tsakuwa, a danna shi da sanda har ya ƙoshi, a riƙa yayyafa masa ruwa na wasu kwanaki kafin a yarda yara su rataya a jiki. A ginin ƙasa kunnuwan su ninka tsawo, kuma a kewaye bakin tagar da bulo ko kwaɓin siminti, domin damina ɗaya ta isa ta sassauta ƙarfen da aka dasa a jar ƙasa zalla. Mafi arha da ƙwari shi ne a kafa tun ana gini, lokacin da aka kai linta, kafin filasta. Wanda ya tare a gidan da aka gama, sai ya biya fasa bango, ya biya toshewa, ya biya fenti, kuma wannan shi ne halin yawancin mazauna gidajen hukuma.

Waldar ma a duba ta kafin a shafa fenti, don fenti yana rufa asiri. Ɗigo ɗaya a mahaɗa riƙon wucin gadi ne. A buga guduma a kan kowace mahaɗa, ƙurar walda ta zube, a ga ko ƙarfen ya narke ya haɗe ta ɓangarori biyu. Bayan nan a fara shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, har kan kunnuwan, sannan launin da ake so.

Kuɗin fa? Farashin ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya. Mai walda a ƙauye da janareta yake aiki, saboda haka kowace lita tana cikin cinikinsa. Buhun siminti da ake saya ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a farkon 2024. Mafi ƙarancin albashi a jihar Kano naira 71,000 ne tun ƙarshen 2024, manomi kuwa kuɗinsa sau ɗaya yake shigowa a shekara. Duk adadin da aka rubuta yau, kafin wata ya kama ya tsufa. Abin da ba ya tsufa shi ne yadda ake warware cinikin.

Kada a karɓi "kowace taga kaza" a dunƙule. A nemi a rubuta: rodi nawa, na wane kauri, ƙarfen firam nawa, wanda a taga mai santimita 120 zai ci kusan mita 5, gicciye, hinji da sakata da faranti, sandar walda da mai, fenti, dako, kuɗin hannu. Na birkila da siminti daban. Da zarar an baje su haka, za a ga ƙofar tsira ba ta ƙara komai ba sai hinji biyu, sakata ɗaya, ɗan ƙaramin firam da aikin rabin yini, kuma a taga ɗaya tak cikin ɗaki. Mai tagogi da yawa ya fi samun sauƙi idan ya sayo ƙarfensa da kansa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya biya kuɗin hannu kawai. Maƙwabta a rukunin gidaje ɗaya, waɗanda tagoginsu kusan awo ɗaya ne, suna iya haɗa kuɗi su yi dako ɗaya, su kira mai walda ɗaya ya zo da injinsa ya yi kwana biyu a unguwa. Adashin mata ya sha yin abin da ya fi wannan.

A kula da rodin da ake kira milimita 12 alhali bai kai ba. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha rufe masana'antun ƙarfe kan wannan. Rodi mai milimita 12 na gaskiya, mai cikakken tsawon mita 12, nauyinsa kilo 10 da rabi ne da 'yan kai. Sikelin masu hatsi ya isa ya raba gardama. Tsohon rodi na wurin 'yan gwangwan ba laifi ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi, muddin miƙaƙƙe ne kuma tsatsa ba ta cinye shi ba. Siririn bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu da ake yayi yanzu ya fi kyau a ido, ya fi sauƙin nauyi, amma idan bangonsa ba shi da kauri, zarto na ratsa shi cikin ɗan lokaci, ruwa kuma na taruwa a cikinsa ya ci shi daga ciki.

Saura tambayar da ta fi jawo ɓacin rai: wa zai biya? A ra'ayin wannan marubuci, duk hukuma ko attajirin da ya gina gida domin wasu su zauna, ƙarfen taga mai tazara daidai da ƙofar tsira ɓangare ne na ginin, kamar yadda rufi yake. Sa shi a lokacin gini ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma iyalin da ambaliya ta riga ta cinye wa hatsi da dabbobi bai kamata a miƙa musu mukulli tare da bashin mai walda ba. Amma a zahiri ɗan haya ko ma'aikacin da aka ba gida shi ke yi da kuɗinsa, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki kuma ya tafi ya bar ƙarfen, domin abin da ya shiga bango na bango ne, cire shi ɓarna ce da za a tuhume shi a kai.

Maganin wannan takarda ce, kafin a kunna janareta. A samu mai gidan, ko shugaban makaranta, ko jami'in da ke kula da gidajen, a nemi izini. A rubuta tagogi nawa, kuɗi nawa, da yadda za a mayar: a cire daga haya gaba ɗaya, ko a raba biyu, ko a cire kaɗan-kaɗan. A rubuta abin da zai faru idan ɗan haya ya tashi kafin a gama cirewa. Shaidu biyu su sa hannu, mai unguwa ya sani, kowa ya riƙe kwafinsa tare da rasit ɗin ƙarfe. Ba rashin yarda ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Mai gidan da ya ƙi biyan ƙarfe gaba ɗaya, a roƙe shi aƙalla ya amince da ƙofar tsira, don shi ma ba zai so a ce a gidansa aka rasa hanyar fita ba.

Yawancin masu karanta wannan dai tagoginsu sun riga sun sha ƙarfe, a kafe, ba ƙofa. Ba sai an tumɓuke ba. Mai walda zai zo da injin yanka ya cire sanduna biyar ko shida a tsakiyar taga ɗaya, tsawon santimita 60, ya kewaye gurbin da sabon firam, ya mayar da sandunan da ya yanke su zama ƙofar. Kafin ya fara, a sauke labule, a fitar da katifa da duk galan ɗin mai, a kare gilashi da kwali jiƙaƙƙe ko falle na kwano domin tartsatsi na ɓata shi, a ajiye bokitin ruwa kusa. Inda tazara ta yi faɗi da yawa, a ƙara sanda ɗaya a tsakanin kowaɗanne biyu, ko da a rabin ƙasa ne kawai. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an sayar da gyaɗa da riɗi, kuɗi na hannu, hunturu bai kankama ba. Daga nan kuma, duk farkon sanyi da farkon damina a ɗiga wa hinji da sakata baƙin mai, a kashe fitila, a sa uwargida da babban yaron ɗakin su buɗe da kansu. Idan sai an nemo dutse an buga kafin sakatar ta motsa, a kira mai walda a wannan makon.